Ɓarawon Runduna Huɗu

Da sassafe aka tarar an ɓalle kwaɗon shagon, an kwashe runduna huɗu kakaf, ba a bar ko soja ɗaya ba.

Haka aka karanta wa Sufeto rahoton a ofis, sai da ta sa aka maimaita mata. Da ta isa wurin ta gane sojojin na katako ne, kowannensu bai fi babban yatsa ba. Ranta ya ɗan sosu. Mace ce da ba ta da haƙurin wasanni, ko na 'ya'yanta a gida kallon ɓata lokaci take yi masa, ga shi an taso ta tun ba ta karya ba. Amma fasa shago laifi ne ko me aka ɗauka, don haka ta fara da ƙofa. An sa ƙarfe an banƙare marfin kwaɗon daga jikin katako, kwaɗon kansa yana reto a kulle.

Shagon ɗaki ɗaya ne dogo, a bayan wani kantin fenti. Kwamfuta tana kusurwa, ba a taɓa ta ba. Kayan sassaƙa suna rataye a bango, kowane a ƙusarsa. A tsakiya akwai babban tebur da aka zana wa taswira da fenti: duwatsu, kogi, daji, da birni a kowace kusurwa, duk an rarraba su gida-gida. Kujeru huɗu suna kewaye da shi.

Matar da ta kira 'yan sanda tana tsaye ta dafa teburin da hannu biyu. Alƙaliya ake kiranta, ko da yake ba ta taɓa taka kotu ba. Ita ta ƙirƙiro wasan, ita ke yanke hukunci a kansa, kuma abokan aikinta sun ce ba a ɗaukaka ƙara.

"Me aka ɗauka?" in ji Sufeto.

"Sojojin, da katunan da ke faɗin ƙarfin kowace runduna, da akwatin da muke zuba su."

"Ba ku da wasu?"

"Su ke nan, ranki ya daɗe. Da hannu aka sassaƙa su. Gobe mutanen kamfanin da ke fitar da wasanni kasuwa za su zo da baƙi huɗu da ba su taɓa ganin wasan ba. Za su zauna su buga, mu ko tari ba za mu yi ba. In ya yi musu, an karɓe mu. In ba wasa a tebur, akwai masu jira a bayanmu."

"Ba za su ɗaga muku ba?"

"Na kira su. Sun ce sun tausaya mana ƙwarai." Ta shafa gefen teburin. "Na bar aikina saboda wasan nan. Shekarun da na zuba a ciki ba sa dawowa."

Sufeto ta zagaya teburin. "Kamar ludo ne?"

Duk da halin da take ciki, sai da Alƙaliya ta ji zafin tambayar.

"A ludo kowa 'ya'yansa iri ɗaya ne, launi kawai ya bambanta. Nan kowa da halinsa. Mutanen Dutse ba su da sauri, amma in suka gina ganuwa sai dai ka kewaye. Mahaya Iska 'yan kaɗan ne, suna tsallake komai, bugu ɗaya kuma ke kashe su. 'Ya'yan Kogi yawa gare su, sai dai ba sa nisa da ruwa. Mahaƙa ta ƙarƙashin ƙasa suke tafiya, ba mai ganinsu sai sun ɓullo. Wanda ya riga kama birnin wani shi ya ci. Aikina shi ne kada wata runduna ta fi ƙarfin sauran."

"Ta yaya kike ganewa?"

"Mu buga, mu sake bugawa. Wadda ta cika ci, in rage mata. Wadda ta cika faɗuwa, in ƙara mata."

Sufeto ta sunkuya. A cikin gidajen taswirar akwai ƙananan zane-zane na alli: murabba'i a gefen duwatsu, alamar fiffike nan da can, da igiyar ruwa masu yawa a bakin kogi. Ta shafa ɗaya, ya kama mata yatsa.

"Wannan fa?"

"Al'adarmu ce. Teburin nan shi ne na aiki, shi ne na cin abinci. In za mu kwashe wasan da bai ƙare ba, sai mu zana inda kowane soja yake tsaye, don mu mayar da shi daidai."

"Jiya kun kwashe?"

"A'a, a tsaye muka bar shi, don yau mu ƙara..." Ta dubi teburin kamar yanzu aka kawo shi. Idonta ya saba da allin har ya daina ganinsa.

"To ɓarawonku mai ladabi ne," in ji Sufeto. "Ya kwashe wasa, ya tsaya ya ajiye muku gurbin kowa. Mutum nawa suka san al'adar nan?"

"Mu huɗu ne. Ni, da Masassaƙi, da Mai Magani, da kawuna."

"Ki kira min ukun. Ke ma kada ki yi nisa."

Masassaƙi ya fara zuwa, ƙaton mutum mai jajayen idanu na rashin barci. Shi ke riƙe da Mutanen Dutse, shi ya sassaƙa kowane soja, kuma bayan Alƙaliya shi kaɗai ke da mabuɗi. Sufeto ta nuna masa kantar da ke bango. A kanta akwai wani dodo mai fukafukai, girman tafin hannu, an fitar masa da ɓawo ɗaya bayan ɗaya, an goge shi yana sheƙi.

"Wannan ya fi komai kyau a ɗakin nan. Me ya sa ba a ɗauke shi ba?"

"Ai ba ya cikin wasa. Ta kore shi."

"Laifin me ya yi?"

"Wai ya cika ƙarfi. Na cinye su da shi sau biyu a jere, shi ke nan aka yanke masa hukunci. Da kin ga yadda na ƙare idona a kan fukafukan nan, ranki ya daɗe."

"Ka ji haushi."

"Na ji. Har na yi kwanaki ban gaishe ta ba."

"Haushin da zai sa ka hana ta gobe?"

Ya yi dariya mai gajiya. "Sojojin nan 'ya'yana ne. Goben nan tawa ce kamar yadda take tata."

"Wa ya kulle shago jiya?"

"Ni. Kawu ya fara tafiya, sai Mai Magani, sai ni da Alƙaliya tare. Ina juya mabuɗi waya ta shigo, matata tana naƙuda. Daga nan asibiti na wuce, daga can nake yanzu."

"Me aka samu?"

"Mace."

"Allah ya raya."

Sufeto ta fita ta kira asibitin. Ma'aikaciyar jinyar da ta ɗauka ta ce ta san shi sarai, shi ne wanda ya kwana yana zirga-zirga a baranda har ya hana kowa sakat. Sufeto ta cire shi daga zuciyarta. Dodon kuwa ya ƙara tabbatar mata da abin da alli ya faɗa: baƙon ɓarawo da shi zai fara.

Mai Magani ta zo da farar rigar aikinta daga kantin magunguna. Ita ke buga Mahaya Iska, kuma yadda take magana haka take wasa, ba ta sauka a wuri ɗaya ta daɗe.

"An ce an gan ki kina cin abinci da mutanen wani shagon ƙera wasanni," in ji Sufeto.

"An gan ni daidai. Sun ce in zo in riƙa gwada musu nasu. Na ci abincinsu na ce a'a, na dawo na faɗa wa Alƙaliya da bakina. Wasansu ko yaro ba zai riƙe ba."

"Ina kike jiya da yamma?"

"A gida, ni kaɗai. Ba ni da shaida sai kyanwa."

"Wa ya fi ci a cikinku?"

"Ni." Ba ta ko ƙifta ido ba. "Shi ya sa kullum ana fige min fiffike."

"Wa ya fi faɗuwa?"

"Kawu, Allah sarki. Na manta rabon da ya ci. Abin da ke ba ni mamaki, zai fara wasa kamar zai haɗiye mu duka, sai can kusa da ƙarshe ya ɓullo da sojojinsa a wani wurin banza, mu tattake su. Alƙaliya ta yi ta ƙara wa Mahaƙa ƙarfi. Ta ƙara musu tafiya, ta ƙara musu duka, har yau shiru."

"Ke kin taɓa buga su?"

"Wa zai karɓi rundunar Kawu? Shi ya ƙirƙiro su tun farko, kujerarsa ce. Kuma ni ba zan shiga ƙarƙashin tebur da farar riga ba."

Sufeto ta ɗago kai. "Me ake yi a ƙarƙashin tebur?"

"Ai Mahaƙa ba sa kan taswira. A wani ɗan akwati mai ramuka Kawu ke soka tsinkaye, shi kaɗai ke gani. To in za a kwashe wasa, akwatin ma zare tsinkayensa ake a haɗa da sauran kaya. Sai mu mu zana namu a sama, shi ya rarrafa ya zana nasa a ƙasan katakon, inda ba mai gani. Masassaƙi ya ja masa layukan gidaje a can. Kullum sai ya buge kai, kullum sai ya ce teburin ne ya rage tsawo."

"In ba a kwashe wasa ba fa?"

"Sai ya rufe akwatinsa da tsinkayen a ciki, ya sa a aljihu ya tafi gida."

Sufeto ba ta dubi teburin ba. Ta yi mata godiya, ta ce ta jira a waje.

Kawu yana bakin ƙofa tun ɗazu. Ba wanda ya sa shi, ya samo guduma da sababbin ƙusoshi yana gyara marfin kwaɗon. Dattijo ne siriri mai furfura, wan mahaifiyar Alƙaliya, amma duk shagon Kawu ake kiransa. Ya yi rayuwarsa yana shimfiɗa bututun ruwa a ƙarƙashin tituna, har ya yi ritaya. Da ya zauna gaban Sufeto, sai ya ɗora gudumar a cinyarsa.

"Baba, an ce kai ne mai Mahaƙa."

"Ni ne, 'yata. Su ne abin da na sani. Mutane suna tafiya a kan titi ba su san akwai wani gari a ƙasansu ba."

"An ce ba ka ci."

"Tsufa ne."

"Jiya kai ka fara tafiya."

"Ƙafa ta matsa min."

"Ɗan akwatinka yana ina? Ko shi ma an sace?"

Ya dafa aljihun rigarsa. "Yana nan. Da shi na tafi, kowa ya gani."

"Ba wanda ya buɗe shi? A gida, ko a hanya?"

Nan fa dattijo ya miƙe zaune. An taɓa masa abin da yake taƙama da shi.

"Tun da muka fara wasan nan ba wanda ya taɓa leƙa akwatin nan sai ni. Ko alwala zan yi yana aljihuna."

"Ka tabbata?"

"Kamar yadda nake ganinki."

"Alƙaliya ta faɗa maka abin da mutanen kamfanin suka ce?"

"Ai za su ɗaga. Sata ce, ba laifin kowa ba."

"Ba za su ɗaga ba, Baba. Gobe ne, ko a ba wasu."

Gudumar ta zame daga cinyarsa, ya cafe ta kafin ta kai ƙasa. Sufeto ba ta ƙara tambaya ba.

Ta kira sauran ukun suka shigo, ta sa kowa ya zauna a kujerarsa. Ta tambayi Alƙaliya wa ke goge ƙasan teburin. Alƙaliya ta ce ita ce, da jiƙaƙƙen tsumma, duk lokacin da za a fara sabon wasa, kuma jiya da safe ta goge shi tas. Sufeto ta tambaya ko wani ya shiga ƙarƙashin teburin jiya da rana. Suka ce babu, tunda ba a kwashe wasa ba.

Sai Sufeto ta cire hularta ta ajiye, ta kunna fitilar wayarta, ta durƙusa ta shige. Mace ce mai jiki, teburin kuma ba a yi shi don 'yan sanda ba. Aka ji ƙum. Mai Magani ta toshe baki. Can sai Sufeto ta fito da baya, tana kakkaɓe gwiwoyinta, ta ɗora wayar a kan taswira. A hoton da ta ɗauka ana ganin layukan gidaje a jikin katako, da alamar shebur guda uku da aka zana da alli, sababbi fil, a jere.

"Baba, buɗe akwatin."

"Doka ta hana, wasa bai ƙare ba."

"Dokar da na zo da ita ta girmi taku."

Ya ciro shi a hankali, ya buɗe. Tsinkaye uku, a jere, a gidajen da aka zana a ƙasan teburin.

Sufeto ta ja kujerar kwamfuta ta zauna, ta yi bayani ba tare da ɗaga murya ba.

"Wanda ya bar kwamfuta da dodo, ya tsaya yana zane da alli, ɗan gida ne, kuma da niyyar mayar da kaya ya ɗauka. Masassaƙi yana asibiti. Saura uku. Zanen da ke sama kowa zai iya yinsa, domin sojojin a fili suke. Na ƙasa kuwa sai wanda ya san inda Mahaƙa suke. An goge wurin jiya da safe, ba wanda ya shiga da rana, akwatin kuma bai bar aljihun mai shi ba, da bakinsa ya rantse min. Baba, ba ka ma buƙatar zanen nan, tunda tsinkayen suna wurinka. Hannunka ne ya saba. In an kwashe wasa, sai an zana sama a zana ƙasa, haka ka yi."

Kawu ya sunkuyar da kai. "Sai da na kai gida na tuna."

"Abin da ban gane ba shi ne dalili."

Alƙaliya ba ta saurare su ba. Ta jawo akwatin gabanta, tana duban tsinkayen, tana duban taswira, tana bin gidajen da yatsa. Yatsan ya tsaya a kusurwarta, a kan birnin 'Ya'yan Kogi.

"Suna ƙarƙashin birnina," in ji ta. "Duka ukun. Kawu, da ka ɓullo da su an gama wasa. Tun yaushe suke nan?"

"Tun kafin Masassaƙi ya ɗora tubalin farko na ganuwarsa."

"Ka zauna kana kallo muna ta fama?"

"Kullum haka nake yi, 'yar nan."

Sai ya faɗi komai, yana murza ƙotar guduma. Tun farkon ƙirƙiro wasan ya gano Mahaƙa za su iya miƙewa kai tsaye zuwa birnin kowa, su ɓullo kafin a shirya musu. A makon ne aka kori dodon Masassaƙi. Ya ga yadda aka ɗauke shi daga tebur aka ɗora a kanta, ya ji tsoro kada a yi wa nasa haka. Ya ce bari ya ɗan faɗi sau ɗaya ko biyu har ƙura ta lafa. Da ya faɗi, Alƙaliya ta tausaya wa Mahaƙa ta ƙara musu tafiya. Ya sake faɗuwa, ta ƙara musu duka. Kowace ƙari sai faɗin gaskiya ya ƙara nauyi a bakinsa.

"Da na ji baƙi za su buga, na san an gama. Baƙo ba zai ji tausayin kowa ba. Duk wanda ya zauna a kujerata zai cinye sauran kafin shayinsu ya huce, mutanen kamfani su tashi su ce wasan banza ne. Na zo in faɗa miki ya fi a ƙirga, sai in ga kin rame saboda aikin nan, in koma. Na ce in an yi sata za su ɗaga, in sami lokaci in lallaɓa a gyara, kayan kuma su dawo."

"Suna ina?" in ji Sufeto.

"A bayan motata, nan ƙofar kantin fenti. Kowace runduna na naɗe ta a tsummanta."

Masassaƙi bai jira an ce masa ba, ya karɓi mabuɗin motar ya fita.

Alƙaliya ta yi fushi, fushi na gaske, irin wanda ba ya fita da ihu.

"Duk abin da na auna a kanka na auna shi, Kawu. Na fige Mai Magani, na kori dodo, na hana kaina barci ina neman abin da ke damun Mahaƙa. Ashe ma'aunin ne ke yi min ƙarya."

"Ki yafe min."

"Da laifina ni ma," ta ce, kamar da teburin take. "Wasa mai runduna huɗu, ban taɓa cewa a sauya kujeru ba. Kunyarka na ji."

Sufeto ta sa hularta. "Ƙarar taki ce. Shagonki aka fasa. In kin ce in tafi da shi, in tafi da shi."

Masassaƙi ya shigo rungume da akwatin, ya dire shi. Alƙaliya ta dubi Kawu. Sannan ta kwance tsummokaran, ta fara jera sojoji a kan zanen alli, murabba'i ga Mutanen Dutse, fiffike ga Mahaya Iska. Sauran biyun suka sa hannu. Ɓarawo dai ya yi aikinsa da kyau, ko soja ɗaya bai rasa gurbi ba.

"Ranki ya daɗe, ki bar min Kawu zuwa gobe, ina da aiki da shi," in ji Alƙaliya. Ta tura masa ɗan akwatinsa. "Juyinka ne, Kawu. Ka cinye ni. Ina so in ga abin da idona."

Ya zare tsinkayen, ya ɗauko Mahaƙa uku masu shebur a kafaɗa, ya dasa su a tsakiyar birninta. Wasan da suka yini suna yi jiya ya ƙare a nan take. Mai Magani ta yi salati a hankali.

"To," in ji Alƙaliya. "Yanzu na ga ciwon. In na rage musu tafiya, sun zama Mutanen Dutse marasa ganuwa. In na rage musu duka, ba amfanin ɓullowarsu. Ko in cire su gaba ɗaya, a nuna wasa mai runduna uku."

Kawu ya runtse ido. "In kin ba ni izini."

"Faɗi."

"Ba mai haƙa rami mai nisa bai huda wa iska ƙofa ba. Mu da muke aiki, duk 'yar tafiya sai mun huda sama, in ba haka ba a fito da gawa. Ki bar musu saurinsu da dukansu. Amma in sun yi 'yar tafiya, dole su bar ramin iska a kan taswira, kowa ya gani. Ba za a san daidai inda suke ba, amma za a san inda suka dosa. Mai ganuwa ya tare, mai fiffike ya toshe ramin, mai ruwa ya malala musu."

Alƙaliya ta dube shi. "Tun yaushe kake da wannan?"

"Ya daɗe. Ta yaya mai faɗuwa kullum zai ce a rage masa ƙarfi?"

Ta miƙe, ta zagaya, ta tsaya a bayan kujerarsa. "Tashi. Koma kujerata. Mai Magani, karɓi Dutse. Masassaƙi, yanko mana ƙananan zobba na ramin iska, sannan ka tafi ka ga 'yarka, ka dawo ka hau iska. Kowa sai ya buga kowace runduna kafin gobe, kuma duk wanda na kama yana jin tausayin wani, Sufeto tana nan."

Washegari da la'asar Sufeto ta dawo da takardar janye ƙara. Ta tarar da Kawu zaune a kan benci a ƙofar kantin fenti, ya kasa shiga. Daga cikin shagon ana jiyo hayaniyar baƙi, wani yana rantsuwa cewa da an ba shi juyi ɗaya da ya gama da su, wata tana cewa a sauya kujeru a sake. Sufeto ta zauna kusa da shi. Ba ta yi niyyar jira ba, amma ta jira.

Can ƙofa ta buɗe, Alƙaliya ta fito. Idanunta sun kumbura don gajiya, fuskarta kuwa ba ta iya ɓoye komai.

"Sun karɓa," in ji ta. "Sun ce mu yi wa Mahaƙa wata dabara, ba za su sayar da wasan da ake rarrafe a ƙarƙashin tebur ba. Amma sun karɓa."

Sufeto ta miƙa mata takardar, ta sa hannu a kan gwiwarta ba tare da ta karanta ba. Kawu bai tashi ba. Daga zaune ya tambayi abin da ke cinsa.

"Mahaƙa fa?"

"Wata yarinya ce ta buga su, mara tausayi. Saura gida ɗaya tsakaninta da birnin Dutse, aka toshe mata ramin iska. Sun faɗi, Kawu."

"Da gaske ta buga?"

"Har da cizon yatsa."

Dariya ta ƙwace wa dattijo, ya sa bakin hannun riga yana share ido. Bai taɓa jin daɗin faɗuwa irin wannan ba.

"Shigo," in ji Alƙaliya, ta kama hannunsa. "Yarinyar tana tambayar wanda ya ƙirƙiro su. Ta ce sai ta buga da kai, kuma na riga na faɗa mata ba ka da tausayi."